Majami'ar Long Melford: Tarihin Wani Ƙauyen Ingila a Jikin Gininsa

Gabatarwa

A lardin Suffolk, a gabashin ƙasar Ingila, kimanin mil 60 arewa maso gabas da birnin Landan, akwai wani ƙauye da ake kira Long Melford. Dogon titi ɗaya ne ya ratsa shi, gidaje suna jere dama da hagu. A ƙarshen titin ta wajen arewa akwai faffaɗan fili mai ciyawa, a bisa tudun da ke kan filin kuwa akwai wata majami'a, watau coci, wadda tsawonta ya kusa ƙafa 250. Baƙon da ya hango ta daga nesa zai zaci babbar majami'ar wani birni ce inda bishop yake zaune. Alhali kuwa majami'ar ƙauye ce, sunanta Majami'ar Triniti Mai Tsarki. Ba sarki ne ya gina ta ba, ba kuma bishop ba. Mutanen garin ne suka gina ta da dukiyarsu tsakanin wajen shekarar 1460 da 1497, suka kuma sa aka rubuta sunayensu a jikin bangonta.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin wannan gini don amsa tambayoyi uku. Ina mutanen ƙauye suka sami dukiyar yin irin wannan aiki? Me ya sa suka zuba ta a nan? Me kuma ya sami ginin sa'ad da hukuma ta haramta aƙidar da aka gina shi a kanta, shekara 50 kacal bayan an gama shi?

Majami'a da Ƙauye a Ingila ta Dā

Tun wajen ƙarni na 12 aka gama rarraba ƙasar Ingila kashi-kashi zuwa ƙananan yankuna, kowane yanki da majami'arsa da limaminsa. Irin wannan yanki shi Turawa suke kira farish. Yawansu ya kai wajen 9,000. Duk wanda aka haifa a cikin yankin, a majami'ar nan za a yi masa baftisma, a nan zai yi aure, a harabarta kuma za a binne shi. Kowane manomi yana ba da ushirin amfanin gonarsa da na dabbobinsa don riƙon limamin.

Daga ƙarni na 13 aka tsayar da wata ƙa'ida wadda ba za a fahimci tarihin waɗannan gine-gine ba sai da ita. Sashen gabas na majami'a, inda bagade yake, inda kuma limamai suke tsayawa, gyaransa yana wuyan limamin da ke cin ushiri. Babban zauren da jama'a suke taruwa kuwa, da hasumiya, da ƙararrawa, da littattafai, da tufafin ibada, duk suna wuyan mutanen gari. Saboda wannan nauyi ne kowane yanki yake zaɓen mutane daga cikin jama'a, galibi biyu, su zama wakilan majami'a. Su suke tara kuɗi, su biya magina da masassaƙa, su kuma rubuta lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, su karanta shi a gaban jama'a kowace shekara. Ta haka talakawan Ingila suka saba da ganin majami'ar ƙauye a matsayin abinsu, har ƙauyuka suka riƙa gasa da juna wajen ƙawata ta.

Melford tana da majami'a tun kafin Normandawa su ci Ingila da yaƙi a 1066. Babban littafin ƙidayar ƙasa da dukiya wanda Sarki William na Ɗaya ya sa aka rubuta a 1086 ya ambaci majami'a a garin, da gonakin da aka keɓe mata. Ƙasar garin kuwa mallakar gidan ruhubanawa ce na Bury St Edmunds, ɗaya daga cikin gidajen ibada mafi arziki a Ingila, wanda yake kimanin mil 14 arewa da Melford. A hannunsa garin ya zauna har shekarar 1539.

Arzikin Saƙa

Tsakanin 1348 da 1349 annobar nan da ake kira Baƙar Mutuwa ta kashe tsakanin sulusi da rabin mutanen Ingila. Waɗanda suka saura sai ƙwadagonsu ya yi tsada, gonaki suka yi araha, aka mai da filaye da yawa makiyayar tumaki. Kafin wannan lokaci Ingila ɗanyen ulu take sayarwa ga masaƙan ƙasar Flanders da na Italiya. Daga ƙarshen ƙarni na 14 sai ta koma saƙa ulun da kanta, tana fitar da yadi. Garuruwan da ke kwarin kogin Stour, a kan iyakar Suffolk da Essex, irin su Sudbury da Lavenham da Hadleigh da Melford, suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan sauyi.

Babu masana'anta a lokacin. Attajirin yadi shi yake sayen ulu, ya raba wa mata su kaɗa zare a gidajensu, ya kai wa masaƙa, daga nan a kai wa masu wanki da bugu, sa'an nan ya tattara yadin ya tura tashar jiragen ruwa ta Ipswich ko Colchester ko Landan. Yankin ya yi suna wajen shuɗin yadi, wanda ake rinawa da wani ganye mai ba da launi irin na baba. Ribar ta taru a hannun 'yan gidaje kaɗan, a Melford kuwa gidan Martin suna kan gaba a cikinsu.

Don a gane zamanin da ake magana, shekarun da aka yi ana wannan gini su ne shekarun sarautar Muhammadu Rumfa a Kano, watau 1463 zuwa 1499, sarkin da ake danganta kafa Kasuwar Kurmi da gina gidan sarautar Kano da shi. Babu wata hulɗa tsakanin garuruwan biyu, amma wanda ya san irin dukiyar da saƙa da rini suka tara wa Kano ba zai yi mamakin abin da suka tara wa ƙauyukan Suffolk ba.

Masu Biyan Kuɗin da Dalilinsu

Jagoran aikin ba attajirin yadi ba ne. Sunansa John Clopton, mai gidan Kentwell da ke kusa da majami'ar, mutum mai filaye wanda ya taɓa riƙe muƙamin wakilin sarki a lardunan Norfolk da Suffolk. Zamaninsa zamanin yaƙin basasa ne tsakanin gidajen sarauta biyu, Lancaster da York. A 1462, shekara guda bayan Edward na Huɗu na gidan York ya hau gadon sarauta, aka kama Clopton tare da John de Vere, hakimin Oxford, da ɗansa, da waɗansu manyan mutane, bisa zargin suna ƙulla makirci da ɓangaren Lancaster. Aka tsare su a Hasumiyar Landan. Aka fille kan sauran, shi kuwa aka sake shi. Ya ƙara shekara 35 a duniya, yawancinsu kuma a kan aikin majami'ar garinsu ya ƙarar da su, har ya rasu a 1497.

Amma ba shi kaɗai ba ne. Wanda ya kewaya ginin ya ɗaga kai zai ga dogon rubutu a ƙarƙashin rufin da kuma saman tagogi, yawancinsa cikin Ingilishin zamanin, yana faɗin wanda ya biya kuɗin kowane sashe. Akwai sunayen gidan Clopton da na gidan Martin, da na limamin garin, Giles Dent, da na waɗansu 'yan kasuwa da matansu. A jikin ɗakin ibadar Maryamu har da sunan Richard Loveday, wanda baran gidan Clopton ne. Rubutun ya ba da shekaru uku: 1481 a jerin tagogin sama, 1484 a ɗakin ibadar gidan Martin, da 1496 a ɗakin Maryamu. Kusan kowane suna kuwa yana tafe da roƙo guda, watau mai karatu ya yi wa ran wane addu'a.

Wannan roƙo shi ne mabuɗin al'amarin. A aƙidar Katolika, wadda ita ce addinin dukan Ingila a lokacin, mumini da ya mutu da sauran ƙananan zunubai ba ya shiga Aljanna kai tsaye, sai ya biya ta wani zango na tsarkakewa, addu'ar masu rai kuma tana rage masa tsawon zama a can. Don haka mai hali yakan bar wasiyya a keɓe gona ko gida, a riƙa biyan wani limami daga kuɗin hayarsu, shi kuma ya riƙa yi wa mamacin addu'a kullum a wani bagade na musamman. Ta fuskar shari'a abin ya yi kama da wakafi. Wanda bai kai wannan ƙarfi ba yakan shiga ƙungiyar 'yan'uwa ta majami'a, a haɗa kuɗi a ɗauki limami ɗaya, ko ya bar 'yan sulalla a sayi kyandir. Sunan da aka sassaƙa a bango hanya ce ta neman addu'ar duk mai wucewa har abada. Babu shakka akwai alfahari da gasa a ciki, domin maƙwabtansu na Lavenham, mil huɗu daga nan, su ma sun tashi da nasu ginin a ƙarshen wannan ƙarni. Duk da haka, a idon waɗanda suka biya, ginin alkawari ne tsakanin matattu da masu rai: matattu sun bar dukiya, masu rai za su biya da addu'a.

Fasalin Ginin

An yi ginin bisa salon ƙarshe na gine-ginen Gotik a Ingila, wanda ya fara a wajen 1330 ya kai har bayan 1500. Ana gane shi da miƙaƙƙun layuka da suke tashi tsaye daga ƙasa zuwa sama, da manyan tagogi waɗanda aka rarraba da siraran sandunan dutse, da rufi mai kusan kwanciya. Dabarar maginan ita ce su ɗora nauyin rufin a kan ginshiƙai da madogaran da ke jikin bango ta waje, sai bangon da ke tsakani ya huta da ɗaukar kaya, a buɗe shi a sa gilashi. A Melford an kai wannan dabara matuƙa. Tagoginta sun haura 70, bangon da ke tsakanin taga da taga kuwa bai fi ginshiƙi kauri ba.

Daga ciki, babban zaure ne a tsakiya mai tsawon fiye da ƙafa 150, da sashe guda a kowane gefe. Jerin ginshiƙai biyu masu ɗauke da bakuna su suka raba tsakiya da gefuna. A bisa bakunan bango ya ci gaba da tashi har ya zarce rufin sassan gefe, a nan aka jera tagogin sama, ta inda haske yake sauka tsakiyar zauren. Rufin na katako ne. Mai lura zai ga ginshiƙai na wajen yamma sun girmi sauran ginin, domin na tsohuwar majami'ar ƙarni na 14 ne, maginan suka bar su suka ɗora sabon aiki a kansu. Haka akasarin majami'un ƙauyukan Ingila suke: ba safai ake rushe tsohon gini gaba ɗaya ba, ƙari ake yi a kansa, don kada ibada ta tsaya ko da mako guda.

Ƙasar Suffolk ba ta da dutsen gini. Abin da take da shi shi ne dutsen ƙyastu, wanda ake tsinta dunƙule-dunƙule a gonaki. Farin dutsen da ke sassaƙuwa sai an kawo shi daga nesa ta ruwa, da tsada. Wannan rashi ya haifi wata gwaninta. Magini yakan fasa dutsen ƙyastu biyu, baƙar fuskarsa mai sheƙi ta bayyana, sa'an nan ya sassaƙa zayyana a farin dutse ya cike gurabenta da baƙin, fuskokinsu su daidaita sumul. Da wannan baƙi da fari aka lulluɓe fuskar kudu ta majami'ar, ɓangaren da ke kallon gari.

Sassa biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko ɗakin ibadar Maryamu, wanda aka gina a bayan bangon gabas kamar wani gini dabam, mai rufi tulluwa uku. A tsakiyarsa akwai ƙaramin wurin ibada, aka kewaye shi da hanya ta kowane gefe, tsarin da ba a cika samun irinsa a majami'ar ƙauye ba. Na biyu ƙaramin ɗakin addu'a na gidan Clopton, a arewa da babban bagade. A jikin katakon da ya kewaye rufinsa an rubuta baitocin waƙa waɗanda ake dangantawa da John Lydgate, wani mawallafi daga cikin ruhubanawan Bury. A tagarsa akwai ɗan ƙaramin hoton Almasihu gicciye a kan furen lili. Kabarin John Clopton yana cikin bangon da ya raba wannan ɗaki da bagade, aka yi shi yadda za a riƙa amfani da bisansa a bikin Ista a matsayin misalin kabarin Almasihu. Ta haka ya sama wa kansa wuri a tsakiyar ibada mafi girma ta shekara.

Abin da Roger Martin Ya Gani

Majami'ar da ake gani yau farin bango ce da gilashi garai-garai. Ba haka take ba a farko, dalilin da ya sa aka san haka kuwa shi ne takardu biyu. Ɗaya lissafin kayan majami'ar ne da aka rubuta a 1529, mai jera kofunan azurfa da gicciye da tufafin alharini da littattafai. Ɗayar kuwa bayani ne da Roger Martin, wani jikan gidan attajiran nan, ya rubuta da tsufansa game da yadda ya san majami'ar yana yaro. An haife shi wajen 1527.

Martin ya bayyana cewa a bayan babban bagade akwai sassaƙen labarin shan wuyar Almasihu, an dalaye shi da ruwan zinariya, yana da ƙyamare da ake buɗewa a ranakun manyan bukukuwa. Tsakanin zauren jama'a da wurin limamai akwai shamaki na katako mai bene, a kansa babban gicciye da siffofin Maryamu da Yahaya, a gabansa kuma hotunan manzanni 12. Ya faɗi yadda ake kewaya harabar majami'a a Lahadin da ke gaban Ista, ana watso wa yara furanni da waina daga sama. Da yadda ake kwana uku ana zaga iyakokin gari ana roƙon albarkar amfanin gona. Da yadda ake hura wuta a dandali a jajiberen waɗansu bukukuwa, gidansu yana raba wa maƙwabta da matalauta abinci da abin sha. Masana tarihin addini a Ingila suna dogara da wannan bayani ƙwarai, domin irinsa ba shi da yawa.

Juyin Addini

A 1534 Sarki Henry na Takwas ya raba Ingila da Paparoma, Majalisar Dokoki ta naɗa shi shugaban majami'ar ƙasar. Tsakanin 1536 da 1540 ya rufe gidajen ruhubanawa duka ya ƙwace dukiyarsu. Gidan Bury ya miƙa wuya a 1539, ƙasar Melford ta koma hannun sarki. Amma cikin majami'un ƙauye bai sauya sosai ba sai da Henry ya mutu a 1547, ɗansa Edward na Shida ya gaje shi yana da shekara tara, masu riƙon mulki kuwa 'yan Furotesta ne na gaske.

Daga nan umarni ya riƙa bin umarni. A ƙarshen 1547 Majalisa ta yi dokar da ta soke wuraren addu'ar matattu, ta mai da dukiyar da aka keɓe musu ta sarki, bisa hujjar cewa zangon tsarkakewa ba shi da tushe a Littafi. A 1548 aka ce a fitar da dukan siffofi daga majami'u. A 1549 aka maye ibadar Latin da littafin addu'a na Ingilishi. A 1550 aka ce a rushe bagadan dutse a sa teburin katako. A 1553 wakilan sarki suka bi gari-gari suna karɓar abin da ya rage na azurfa da tufafi.

Ba soja aka turo Melford ba. Wakilan majami'ar ne da kansu suka zartar da umarnin, littafin lissafinsu kuma ya nuna yadda aka yi: an biya ma'aikata ladan sauke siffofi da shafe bango da farar ƙasa, an sayar da kaya, an rubuta kuɗin da aka samu. Cikin masu saye har da zuriyar waɗanda suka ba da kayan tun farko, kamar gidan Clopton. Wani sassaƙe na dutsen alabasta, aikin ƙarni na 14, mai nuna masanan gabas sun zo gaida jariri Almasihu, an same shi a ƙarƙashin daɓen majami'ar a ƙarni na 18, yanzu yana jikin bangon sashen arewa. Da alama wani ne ya ɓoye shi da fatan wata rana za a fito da shi.

Wannan rana ta zo, amma ba ta daɗe ba. Sarauniya Mary, wadda ta yi mulki daga 1553 zuwa 1558, ta komar da ƙasar ga Paparoma. Roger Martin ya zama ɗaya daga cikin wakilan majami'a, ya shiga aikin mai da abin da aka fitar. Da Elizabeth ta Ɗaya ta hau sai aka sake juyawa a 1559, aka sake saukewa. Martin ya ƙi bin sabon tsari. Aka ci shi tara, aka ɗaure shi, bai sauya ba har ya mutu a 1615. A cikin rubutunsa ya ambaci waɗansu kayan ɗakin ibadar gidansu da ya adana a gidansa, yana fatan magadansa za su gyara su su mayar. Ba a mayar ba. Shi kansa dai a majami'ar aka binne shi, allon tagulla mai siffarsa yana nan a ɗakin kakanninsa.

Wani maƙwabcinsa ya bi wata hanya dabam. Sir William Cordell, lauya, shi ya sami ƙasar Melford da ta fita daga hannun ruhubanawa. Ya yi Kakakin Majalisar Wakilai a 1558 a zamanin Mary, ya ci gaba da riƙe babban muƙamin shari'a a zamanin Elizabeth, har ya sauke ta a gidansa, Melford Hall, a 1578. A 1573 ya gina gidan sadaka a bakin majami'ar don tsofaffin matalauta 12. Wannan ya nuna inda kyautar masu hali ta karkata bayan juyin: abin da dā ake keɓewa don addu'ar matattu ya koma gidajen gajiyayyu da makarantu. Ya mutu a 1581, babban kabarinsa yana dab da bagade.

Yaƙi, Tsawa da Gyara

Ɓarna ta biyu ta zo da yaƙin basasa tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa. A watan Agusta na 1642 taron jama'a daga garuruwan saƙa na kwarin Stour suka far wa gidajen 'yan Katolika, suka washe Melford Hall. A 1643 Majalisa ta ba da umarnin a kawar da sauran hotunan addini, wani mai suna William Dowsing ya bi majami'un lardunan Cambridge da Suffolk a 1643 da 1644 yana sa a farfasa tagogi masu hoto. Tsakanin wannan guguwa da ta farko yawancin gilashin Melford mai siffofin waliyyai ya salwanta.

Abin da ya tsira ya fi yawa a hotunan mutanen duniya: 'yan'uwa da abokan John Clopton, alƙalai da matan manya, a durƙushe cikin tufafi masu tambarin gidajensu, har da Elizabeth Talbot, matar hakimin Norfolk. Tsayin tagogin da suke ciki ya taimaka, haka kuma kasancewarsu ba waliyyai ba ne. A ƙarni na 19 aka tattara su, daga baya aka jera su a tagogin sashen arewa, inda suke a yau. Suna cikin mafi kyawun gilashin ƙarni na 15 da ya rage a majami'un ƙauyukan Ingila.

Ɗakin Maryamu ya tsira ne domin an sama masa wani aiki. Daga 1670 aka mai da shi makarantar gari, ya daɗe a haka fiye da shekara ɗari, har yanzu kuma akwai jadawalin sau na lissafi a jikin bangonsa. Hasumiyar asali kuwa tsawa ce ta lalata ta wajen 1710, aka gina wata da jan bulo wadda ba ta dace da sauran ginin ba. Tsakanin 1898 da 1903 mai tsara gini George Frederick Bodley ya lulluɓe ta da dutsen ƙyastu da farin dutse, ya kai tsayinta ƙafa 118. Saboda haka sashen da baƙo yake fara hangowa shi ne mafi ƙuruciya a ginin.

Kammalawa

Majami'ar Melford tana ƙarƙashin Cocin Ingila, ana kuma ibada a cikinta har yau. Tana cikin rukunin farko na gine-ginen tarihi da doka ta kare, ba a taɓa wani sashe nata sai da izini. Amma nauyin gyaranta yana nan inda yake tun ƙarni na 13, watau a wuyan jama'ar wurin da masu taimaka musu. Wata tsohuwar al'ada ma tana nan: William Clopton, mahaifin John, ya ba garin Hadleigh filin kasuwa a kan hayar jan fure ɗaya a shekara, ana kuwa kawo furen a ajiye a kan kabarinsa a cikin majami'ar.

Amsar tambayoyin da aka fara da su ke nan. Dukiyar ta fito daga saƙa da filaye. An zuba ta a ginin ne domin neman addu'a bayan mutuwa, da kuma ɗaukaka sunan gida da na gari. Da hukuma ta soke aƙidar, sai ta kwashe abin da ke ɗaukuwa, azurfa da tufafi da gonakin wakafi, ta bar bango da rufi, domin ko wane irin addini sarki ya zaɓa, mutanen gari suna bukatar wurin taruwa, su ne kuma masu gyara shi. Sunayen da ke bangon sun wanzu, ko da yake an daina addu'ar da suke roƙo.

Sanin da ake da shi game da abin da ya ɓace kuwa bai zo ta hannun sarakuna ko bishop-bishop ba. Ya zo ne daga lissafin kaya na 1529, da littafin kuɗi na wakilan majami'a waɗanda suka rubuta har ladan mai shafe bango, da 'yan shafukan da Roger Martin ya rubuta da tsufansa. Da waɗannan takardu sun salwanta, da mai ziyara ya ga farin bangon Melford ya ɗauka haka John Clopton ya bar shi.